Tukunya Da Aure A Ƙasar Indiya

'Yan uwana mata, ina jin da wuya a samu wadda ta tashi tana kallon fim ɗin Indiya ba ta taɓa jin haushin wata tsohuwa ko wani uba da ya hana masoya aure ba. Ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Sujata, wani tsohon fim na 1959 wanda Nutan ta fito a ciki. Marainiya ce aka ɗauka tun tana jaririya, aka raine ta a gidan manyan mutane, ga hankali ga kunya ga iya aiki, amma da maganar aurenta da wani saurayi ɗan babban gida ta taso sai gida ya rikice. Yarinyar nan ba ta yi sata ba, ba ta yi abin kunya ba, kuma addininsu ɗaya da yaron. Laifinta kawai cikin da ta fito. A lokacin na ɗauka rikicin mai kuɗi da talaka ne. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba.

Abin da littattafan addinin Hindu suka kawo shi ne mutane kashi huɗu ne, ana ce wa kowane kashi warna. A wani tsohon littafinsu mai suna Rigbeda an ce daga jikin wata halitta ta farko aka fitar da su: Birahamin, wato malaman addini, daga baki, Kashatariya, sarakuna da mayaƙa, daga damatsa, Waishiya, 'yan kasuwa da manoma, daga cinya, Shudura, masu yi wa sauran hidima, daga ƙafa. Sannan ga wasu da ko cikin lissafin ba a sa su ba, masu jima da shara da kwasar mushe, waɗanda a da ake ce musu "ba a taɓa ku", yanzu kuma suke kiran kansu Dalit. To amma wannan a takarda ne. A ƙauye ba warna ake tambaya ba, jati ake tambaya, wato ƙaramin rukunin da aka haife ki a ciki, mai sana'arsa ta gado, wanda a cikinsa za ki yi aure. Jati kuwa dubbai ne.

Me ya kawo wannan, kuma me ya riƙe shi har yau? Nan masana rayuwar al'umma suka daɗe suna ja-in-ja.

Wani Baturen mulki ɗan Ingila, Herbert Risley, wanda ya shugabanci ƙidayar jama'ar Indiya ta 1901, cewa ya yi maganar jinsi ce: farare ne suka shigo daga arewa suka danne baƙaƙe. Don ya tabbatar da haka, wai har hancin mutane aka riƙa aunawa, mai siririn hanci ɗan sama, mai faffaɗan hanci ɗan ƙasa. Kin ji fa! Masana sun daɗe da watsar da wannan awo. Wani kuma, Nesfield, ya ce sana'a ce tushen abin, kowa darajarsa daidai da aikin gidansu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai bai gaya mana dalilin da Birahamin da ya koma tuƙin mota yake nan a Birahamin ɗinsa ba, ɗan majemi kuwa ko likita ya zama ba a manta da gidansu.

Bayanin da ya fi yin suna shi ne na Louis Dumont, mutumin Faransa, a littafinsa na 1966. Shi ya ce komai yana tafiya ne a kan tsarki da ƙazanta. Wanda aikinsa ya haɗa shi da gawa, jini, fata ko bayan gida, ƙazanta ta bi shi, ta bi 'ya'yansa, kuma tana iya tsallakawa zuwa ga wani ta hanyar taɓawa, ko ruwa, ko abinci. Shi ya sa malamin addini ya fi sarki daraja ko da sarki ne ke ciyar da shi. Uwargida, nan ne za ki fi kowa ganewa, don a madafa abin ya fi fitowa fili. A arewacin Indiya abinci iri biyu ne. Akwai kacca, wanda aka dafa da ruwa kamar shinkafa da wake, wannan ba a karɓarsa sai daga hannun ɗan jatinku ko wanda ya fi ku. Akwai fakka, wanda aka soya da man shanu, shi ana iya karɓa daga hannun mutane da yawa, don a wurinsu abin da ya fito daga saniya yana kare abinci. Saboda haka ne ma Birahamin da yawa suka zama masu girki a gidajen biki, tunda girkinsu kowa zai ci, su kuwa ba girkin kowa suke ci ba. In kina son sanin wa ke sama wa ke ƙasa a ƙauye, duba wa ke karɓar ruwa daga tulun wa.

Sai dai an yi wa Dumont raddi, kuma ni ina ganin raddin ya yi daidai. An ce ya kalli abin ne da idon Birahamin. Wa ya tambayi mai shara ko ya yarda shi ƙazami ne? Kuma ina maganar gona da kuɗi da sanda? Wani masani ɗan ƙasar, M. N. Srinivas, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Maisur a 1948, ya nuna cewa mai faɗa a ji a ƙauye shi ne jatin da ya fi gonaki da yawan jama'a, ko da ba malamai ba ne. Ya kuma ga cewa jati kan yi ƙoƙarin hawa sama in ya samu abin hannu: su daina cin nama, su daina shan giya, su kwaikwayi Birahamin. Abin da ya ba ni mamaki, cikin kwaikwayon har da tsananta wa mata, a hana wadda mijinta ya mutu sake aure, a aurar da yarinya da wuri. Daga baya, a 2001, Nicholas Dirks ya zo ya ce Turawan mulki ma da hannunsu, don ƙidayarsu ce ta jera jati hawa-hawa a takarda, har mutane suka riƙa kai ƙorafi a ɗaga matsayinsu.

Amma wanda maganarsa ta fi shiga raina ba daga nesa ya hango ba, a jikinsa ya ji. Bhimrao Ambedkar, an haife shi a 1891 cikin jatin Mahar, waɗanda ba a taɓawa. Yana yaro a makaranta buhu yake zuwa da shi daga gida ya zauna a gefe, in ƙishirwa ta kama shi sai masinjan makaranta ya tsiyayo masa ruwa daga sama don kada ya taɓa mazubin. Ranar da masinja bai zo ba, ya wuni da ƙishirwarsa. Yaron nan shi ne ya je Amurka karatu, a 1916 yana ɗan shekara 25 ya gabatar da takarda a jami'ar Kolombiya, ya ce ƙashin bayan jati abu ɗaya ne: hana aure a waje. Rukuni ɗaya ya fara rufe ƙofarsa, wasu suka kwaikwaya, wasu kuma suka tarar an rufe su a waje.

Daga nan ya yi wani lissafi mai tayar da tsikar jiki. In an ce ba aure a waje, dole yawan maza da mata ya daidaita a ciki. To miji ya mutu ya bar mace da ƙuruciyarta, yaya za a yi da ita? In an bar ta, ko ta auri bare, ko ta tare wa wata budurwa miji. Sai a ƙone ta tare da gawar mijin, abin da ake kira sati, wanda aka haramta a 1829, ko a tilasta mata zaman takaba har mutuwa. Namiji kuwa in matarsa ta mutu ba a ƙone shi, sai a nemo masa ƙaramar yarinya daga cikin jati. Kin ga al'adu uku ke nan, duk a wuyan mace, duk don katanga ta tsaya.

Binciken jini na zamanin nan ya ƙara wa maganar aure ƙarfi. Wani nazari da aka fitar a 2013 ya nuna mutanen Indiya sun yi ta cakuɗuwa da juna daga wajen shekara 4,200 zuwa 1,900 da suka wuce, daga nan cakuɗuwar ta ja baya ƙwarai, kowa ya koma aure a gidansu.

Kada mu yi saurin taɓe baki. Mu ma nan mun san "ƙwarya ta bi ƙwarya", mun san gidajen da ake jan ƙafa in ɗan mahauta ko ɗan maroƙa ya zo neman aure. Bambancin dai mu kwano ɗaya muke ci da su, ba a fasa tulu don sun sha.

A 1927 Ambedkar ya ja dubban mutanensa zuwa wani tafki a garin Mahad suka sha ruwa a bainar jama'a. Bayan sun watse, mutanen gari suka zo suka "tsarkake" tafkin da madara da fitsari da kashin saniya. Mutumin nan dai shi ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya da ya fara aiki a 1950, wanda sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓawa. Da ya ga doka ba ta isa cikin gida ba, a 1956 ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha a Nagfur tare da ɗimbin jama'a, watanni biyu kafin rasuwarsa.

A fim ɗin Sujata sai da matar da ta raine ta ta faɗo daga bene, aka rasa jinin da zai dace da nata sai na marainiyar, sannan ta kira ta 'yarta aka yarda da auren. A waje kuwa, wani babban bincike da aka yi a gidajen Indiya tsakanin 2011 da 2012 ya samu cewa cikin aure ɗari, wajen biyar ne kawai aka ƙulla tsakanin jati daban-daban, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen sun amsa da bakinsu cewa suna kiyaye ƙyamar taɓawa ta wata fuska, galibi a madafa da kwanukan cin abinci.