Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

Masana adabin baka sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida: akwai na fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos yakan faɗo cikin kason ƙarshe, amma ko a nan ma zamansa daban ne, domin ba shi da 'yan amshi. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa.

An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1946. Mahaifinsa makaɗin sarkin garin ne. Iyayensa duka biyu sun rasu yana ƙarami, sarki ya ɗauki riƙonsa, daga nan laƙabin ya bi shi. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga kuntigi, ya ɗauka, bai sake ajiye shi ba.

Kuntigi dai ba wani abin a zo a gani ba ne: gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka zura masa sanda, aka ɗaura tsirkiya guda. To, a al'ummar da ake auna makaɗi da yawan taushi ko kotson da ke bayansa, da girman ubangidansa, mai irin wannan abu sai a ɗauke shi maroƙi kawai. Ɗan Maraya ya juya lamarin. Ya yi wa manya waƙa, ya kuma yi wa sojojin tarayya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, amma waƙoƙin da suka kafa sunansa na talakawa ne. A "Karen Mota" ya kambama yaron direba, wanda ba a taɓa ganin ya cancanci yabo ba. A "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya" yakan sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaci, har waƙar ta koma wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Wannan ya sa 'yan dako da 'yan tireda na Kasuwar Kurmi, cikin birnin Kano, suke kasa kunne ga rediyo da kaset su ji ana zancen gidajensu.

Akwai masu kwatanta shi da mawaƙan bulus na baƙaƙen Amurka, waɗanda da yawansu suka fara da waya ɗaya tal da aka ɗaure a bango, ko da ƙaramar sarewar baki ta aljihu. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya danganta salon bulus da kiɗan tsirkiya na yankin da ƙasar Hausa take ciki. Kamannin a fili suke, sai dai Ɗan Maraya ya fi karkata ga gargaɗi da barkwanci fiye da kuka da halin da yake ciki.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015.