Daga Wasiƙar Ajami zuwa Wayar Salula: Tarihin Baƙaƙe Huɗu a Ƙasar Adar

Tamaske gari ne na ƴan bida. Da zarar an ƙare girbin hatsi, samarin wannan yanki na Adar, daga Keita har Buza da Madawa, sukan ɗaure kaya su nufi Kano, Legas, Abijan ko Kamaru, su bar iyaye da mata da ƴaƴa suna jiran labari. Saboda haka babban ɓangare na tarihin ƙasar nan tarihin saƙo ne: wa zai rubuta shi, wa zai kai shi, wa zai karanta shi. Wannan maƙala za ta bi sawun saƙon, domin nuna yadda naʼurorin da aka ƙera a nesa suka taɓa rubutun Hausa, musamman baƙaƙe huɗu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

A da can, ɗan bida yakan je wurin malami ya rubuta masa wasiƙa da ajami, ya ba wani mai komawa gida, a can kuma wani malamin ya karanta wa iyali. Da rediyo mai kaset ta yawaita a shekarun 1970 da 1980, sai aka koma ɗaukar murya. Tsohuwa takan zauna gaban akwatin ta yi gaisuwa, ta yi faɗa, ta sa albarka, a naɗe kaset a ba direba. Ta hanyoyin nan biyu Hausa takan isa inda aka aike ta da kamanninta.

Rubutun boko kuwa ya sha wahala kafin ya zauna da gindinsa. A ƙasar da Faransa ta mallaka an rubuta sunayen garuruwa da kunnen Bafaranshe, shi ya sa har yau allunan hanya ke ɗauke da Tahoua, Madaoua da Bouza. A Zariya aka fara amfani da baƙaƙe masu lanƙwasa cikin shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta yaɗa su. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya nemi daidaita rubutun harsunan yankin. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ta kuma tsaida ƙaʼidojin rubutun Hausa da kudurin maʼaikatar ilimi a watan Oktoba na 1999. Duk tsawon wannan lokaci keken rubutun ofis na Faransanci ne, sai magatakarda ya buga takarda, saʼan nan ya bi ta da alƙalami yana ɗora wa baƙaƙe ƙugiya.

Shekara biyu bayan wancan kuduri wayar salula ta shigo. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, SahelCom da Telecel suka biyo baya, Orange ta iso a 2008. Amfaninta bai ɓuya ga kowa ba. Binciken Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa yana iya jin farashi kafin ya yi lodi. A ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta raba wa iyalai a ƙauyukan jahar Tawa kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar, wasu daga cikinsu ta hanyar waya. Ɗan bida ya huta da neman direba, muryarsa takan iso gida a daren da ya yi magana.

Sai dai wayar ta zo da nata sharaɗi. Injiniyoyin Turai da suka tsara gajeren saƙo na SMS sun ware masa jerin baƙaƙe ƙayyadaddu, suka ba kowane saƙo gurbi 160. A cikin jerin akwai é da è da à na Faransanci, akwai ä da ß na Jamusanci, har da wasu manyan baƙaƙen Girkanci, amma babu ko ɗaya cikin huɗun nan na Hausa. Yawancin wayoyin farko ba su san su ba sam. A wayar da ta san su kuma, ƙ guda ɗaya ta isa ta mai da saƙon zuwa wani tsari mai gurbi 70 kacal, ta yadda abin da zai tafi a saƙo ɗaya sai ya rabu biyu ko uku, kuɗi ma haka. Wato mai rubuta Hausa daidai tara yake biya. Daga baya an ƙara wa tsarin jeri na musamman domin Turkanci, Sifaniyanci, Fotugisanci da harsunan Indiya, ba a yi wa Hausa ba. Ta haka yara suka tashi suna rubuta baki a gurbin baƙi, kasa a gurbin ƙasa, kafa a gurbin ƙafa, wasu ma suka koma ga ou da tch na zamanin Nasara. Malaman Hausa suna ganin tabon a takardun ɗalibai.

Ba rashin dabara ya kawo haka ba, domin maʼajin baƙaƙen duniya na Unicode ya ƙunshi huɗun nan tun farkon shekarun 1990. Maƙera suna sauraren abu biyu ne, kasuwa da doka. Shaidar kasuwa ita ce kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix. Ya lura cewa mutumin karkara yana bukatar layi biyu a waya ɗaya, da batir mai jimiri inda wuta ba ta wadata ba, da kyamarar da ke fito da baƙar fata sarai, ya kuma sa Amharanci da Swahili da Hausa a wayoyinsa. Da haka ya sha gaban manyan kamfanoni a Afirka. Google ya shigar da Hausa cikin naʼurarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016. Shaidar doka kuwa, a 2016 Indiya ta wajabta wa masu sayar da waya su sa harsunan ƙasar a ciki. A 2022 Tarayyar Turai ta ƙayyade bakin caja iri ɗaya, kamfanin Apple da ya daɗe yana jayayya ya bi a 2023.

A yau babbar waya tana iya rubuta Hausa tsaf, amma sai mai ita ya shiga ciki ya zaɓi allon baƙaƙen da kansa, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Saƙon murya na WhatsApp, wanda aka fara a 2013, ya maido da zamanin kaset, ya sauƙaƙa wa tsohuwar Tamaske magana da ɗanta na Abijan. Wannan alheri ne, amma harshen da ake ji kawai, ba a rubuta shi daidai, ba ya riƙe yarjejeniya ko littafin makaranta.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayi irin wannan yana da haƙƙi a wuya. Hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 domin sa ido kan harkar sadarwa, tana iya bin sawun Indiya ta nemi kowace waya da za a sayar a Nijar ta zo da baƙaƙen harsunan ƙasa a buɗe, tunda Fulfulde ma na da ɓ da ɗ da ƴ. Kafin a kai nan, aikin yana hannun malamai da ƙungiyoyin raya alʼadu. Darasi guda ya isa a nuna wa aji inda ƙugiyar take a waya, ɗalibi kuma ya koma gida ya nuna wa wansa ɗan bida.