Yadda Kwali Ya Sha Gaban Sana'a a Arewa

Duk shekara, da zarar an sallami sabon rukunin masu yi wa ƙasa hidima, sai muhawarar nan ta sake tasowa: tsakanin digiri da sana'ar hannu, wanne ya fi ba matashi abin yi? Akan yi ta kamar magana ce ta zaɓin yaro ko hangen nesan iyayensa. A ganina tambayar tana da tarihi, kuma tarihin ya rataya ne a kan wanda ke ɗaukar aiki. Darajar da takardar shaida ta samu a Arewa hukuma ce ta ba ta, a zamanin da hukuma ke da gurabe fiye da masu cike su.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya tarar da birni da ƙauyukansa suna saƙa, suna rini, suna bugu, kayansu na kaiwa Timbuktu da Murzuk har Tarabulus. Arzikin Kano a wancan zamani a hannun masaƙa da marina da majema da dukawa yake, fatake kuma su kai shi duniya. Sana'a tana da tsari. Yaro yakan tashi a maƙerar ubansa, ya fara da zuga kafin a ba shi guduma. Kowace sana'a da shugabanta, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, kuma har yau sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki na faɗin abin da mazaunansu na farko suke yi.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Tun kafin zuwan Turawa sana'o'i ba ɗaya suke ba a idon jama'a. Sarauta da malanta da fatauci suna sama, fawa da kiɗa suna can ƙasa, akwai ma gidajen da ba sa ba wasu masu sana'a aure komai dukiyarsu. Alƙalami ya riga ya fi guduma ƙima. Abin da mulkin mallaka ya ƙara shi ne albashi.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa. Mutane da yawa ba su san cewa akwai sashen koyon sana'a a cikinta ba, inda ake koyar da aikin kafinta da ƙira da aikin fata, ban da sashen 'ya'yan sarakuna da na malamai. Wato tun ranar farko hanyoyin biyu suna gefe da gefe. Sai dai bukatar Turawa ta gaggawa ba kujera ba ce. Suna neman wanda zai rubuta haraji, ya riƙe littafin baitulmali, ya koyar a elementare. Kwalejin Katsina, da aka buɗe a hukumance a 1922, ita ta amsa wannan bukata, kuma daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Duk wanda ya ga inda ɗaliban Katsina suka kai, ya kuma ga inda ɗaliban sashen kafinta suka tsaya, bai bukatar wa'azi.

Harshenmu ma ya ajiye shaida. Laƙabin "Malam", wanda asalinsa na masu ilimin addini ne, ya koma kan duk ma'aikacin En'e mai riƙe da alƙalami: malamin haraji, malamin asibiti, malamin daji. Hatta wanda aka ɗauka don harkar noma, malamin gona ake ce masa, manomin da ya fi shi sanin ƙasar kuwa yana nan a manominsa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara ƙarfafa wannan. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnatin Jihar Arewa hannun 'yan Arewa, ga kujeru, babu isassun masu takarda. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ce ƙasar na fama da ƙarancin manyan ma'aikata, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1967 aka kasa Arewa jihohi 6, a 1976 suka zama 10, kowace da sakatariyarta da ma'aikatunta da hukumominta. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya biyo baya. Wanda ya gama jami'a a wancan lokaci aiki ne ke nemansa, ga gida, ga bashin mota, ga fansho a ƙarshe. Iyayen da suka ce wa 'ya'yansu su riƙe boko su bar maƙera lissafinsu daidai ne.

Ba a yi watsi da ilimin fasaha gaba ɗaya ba. An kafa makarantar fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, masana'antu suka cika Kakuri da Bompai, daga baya Sharaɗa da Chalawa. A nan mai aikin hannu ya sami abin da akawu yake samu, wato albashin wata, asibiti da garatuti. Amma ita gwamnatin da ke kiran matasa zuwa fasaha, ita ce ta rubuta a tsarin aikinta cewa mai babbar difloma yana da matakin da ba zai wuce ba, yayin da mai digiri zai iya zama darakta har babban sakatare. Saƙon ya isa kunnen kowa.

Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 shi ne yunƙuri mafi girma na gyara. Manufarsa yaro ya taɓa zarto da waya da ƙarfe a ƙaramar sakandare, wanda hannunsa ya fi kai wa ga sana'a ya bi ta nan. Aka shigo da injuna daga ƙasashen waje aka rarraba. A makarantu da dama babu lantarki, babu ɗakin ajiye su, babu malamin da ya san kansu, suka yi tsatsa a akwatunan da suka zo ciki. Darasin ya koma zanen zarto a allo, a haddace sunayen sassansa don jarrabawa.

Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. Naira ta faɗi, ɗaukar aiki ya ja baya, gwamnati ta kafa hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wadda cikin manyan shirye-shiryenta har da tura matasa koyon sana'a wurin masu gareji da shaguna. Jikokin waɗanda aka raba da maƙera aka ce su koma. Jami'o'i kuwa ba su daina ƙaruwa ba, yau sun haura 200, suna yaye ɗalibai don kujerun da aka daina ƙirƙira tun tuni.

Abin da masu cewa "a koma sana'a" suke tsallakewa shi ne, guguwar da ta ci ofis ta ci masana'anta. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, wasu suka bi ta, rashin wuta da kayan waje masu araha suka kashe da yawa daga masana'antun Kano. Saboda haka sana'ar da ake tura matashi yau ba ta mai albashi ba ce. Ta mai walda ce da ke sayen man janareta daga aljihunsa, ba fansho, ba bankin da zai ba shi rance, ranar da ya kwanta ciwo kuma ciniki ya tsaya. Yana iya samun abin da ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma sau da yawa yana samu. Mai gyaran waya a Farm Centre ko mai haɗa sola ba ya jiran ƙarshen wata. Amma duk haɗarin a kansa yake shi kaɗai. A ɗaya ɓangaren, ba duk digiri ne ya faɗi ba. Likita da lauya da mai haɗa magunguna takardarsu lasisi ce, ba mai shiga aikinsu sai da ita. Wanda ya shiga uku shi ne mai digirin da aka tsara don ofis kawai.

A Kaduna, a 'yan shekarun nan, kwalejin fasaha ta haɗa hannu da masu sana'ar kasuwar Panteka, ana gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaidar da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa ta amince da ita, don su iya neman kwangila da aiki a kamfanoni. Mutumin da ya shekara 20 yana ƙera injin niƙa daga tsohon ƙarfe, sai yanzu ya sami kwalin da zai nuna. Ita kuwa dokar daidaita babbar difloma da digiri, Majalisar Tarayya ta amince da ita a 2021, amma wa'adin gwamnatin Buhari ya ƙare a 2023 ba a sa mata hannu ba.