Al'adar Riƙon Yara daga Ƙasar Hausa zuwa Abuja

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Idan aka yaye yaro, musamman ɗan fari wanda uwa ke jin kunyarsa, akan kai shi wurin kaka ko goggo, ko a ba 'yar'uwar da ba ta samu haihuwa ba. Maraya kuwa dangin uba ne ke ɗaukarsa. Musulunci ya ƙarfafa wannan al'ada da sharaɗi: ɗan riƙo yana amsa sunan mahaifinsa, ba ya gadon mariƙinsa, sai dai a yi masa wasiyya.

Da birane suka bunƙasa, dangi suka warwatsu, sai aka buɗe gidajen marayu irin na Nasarawa a Kano. Bayan gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, unguwanni irin Apo suka cika da baƙi da ba su da dangi kusa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa riƙo ƙarƙashin izinin kotu a Babban Birnin Tarayya. Yau ƙungiyoyin sa kai ne ke cike gurbin dangi da abinci, kayan Sallah da kuɗin makaranta.