Dogon Turanci da Sassauƙan Turanci: Tarihin Wata Gardama a Fagen Fasaha

Gabatarwa

Bahaushe yakan kira maganar da ta yi tsawo ba ta kai ga manufa ba da sunan "dogon Turanci". Su ma masu harshen sun daɗe suna fama da wannan ciwo. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin ƙoƙarin da aka yi na sauƙaƙa Ingilishi domin ma'aikatan fasaha waɗanda ba su gaji harshen ba, tare da duba dalilin da ya sa wani yunƙurin ya mutu, wani kuwa ya rayu.

Mafarin Gardamar

Tun a 1667 Thomas Sprat, a tarihin da ya rubuta na ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, watau Royal Society, ya soki yi wa magana ado, ya nuna cewa 'yan ƙungiyar sun fifita harshen masu sana'a da 'yan kasuwa a kan na masu gwanintar baki. To, amma wannan gardama ce ta cikin gida, ba a sa baƙo a lissafi ba.

Wanda ya yi fice wajen tunawa da baƙo shi ne C. K. Ogden, wanda a 1930 ya fito da tsarin Basic English mai kalmomi 850, aikatau 18 kacal a cikinsu. Burinsa shi ne tsarin ya zama harshen duniya, har Winston Churchill ya yabe shi a jawabinsa na Jami'ar Harvard a 1943. Duk da haka bai yi ƙarko ba. Da yake an rage aikatau, dole a riƙa haɗa su da ƙananan kalmomi don a sami sabuwar ma'ana, alal misali "give up", wadda ke nufin haƙura ko daina abu, alhali ba ɗaya daga cikin kalmomin biyu da ke nuna haka. Ɗan Ingila yana ganin sauƙi, baƙo kuwa an gudu ne ba a tsira ba.

Daga Buri zuwa Sana'a

A farkon shekarun 1970 kamfanin Caterpillar na Amurka ya ari wannan dabara don littattafan gyaran injunansa, da nufin kanikawan ƙasashen waje su karanta ba tare da fassara ba. Bayan kimanin shekara 10 aka jingine tsarin, domin injuna sun yi ta ƙara sarƙaƙiya, kalmomin sun gaza, marubutan kuma ba su tsaya kan ƙa'ida ba.

Inda abin ya kafu shi ne fagen jiragen sama. Kamfanonin sufurin sama na Turai, waɗanda akasarin kanikawansu ba Ingilishi suka tashi da shi ba, suka nemi ƙungiyar masu ƙera jirage ta AECMA ta yi gyara, aka fitar da jagora a 1986, wadda a yau ake kira ASD-STE100. Tana da kalmomi wajen 900, ban da sunayen kayan aiki. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, ta bayani 25. Uwa-uba, kowace kalma an ɗaure ta da ma'ana guda: "follow" zuwa bayan abu take nufi kawai, in bin umarni ake so sai a ce "obey".

Maganar baka kuwa, da rayuka aka sayi darasinta. Ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo cikin hazo a filin jirgi na tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Dalilan suna da yawa, amma daga cikinsu akwai wata jimla mai harshen damo da matuƙin KLM ya faɗa: shi yana nufin sun fara tashi, mai kula da zirga-zirga ya ɗauka suna jiran izini. Daga baya aka keɓe kalmar tashi, ba a furta ta sai wajen ba da izini ko soke shi. Daga 2008 kuma Hukumar Sufurin Sama ta Duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare ƙasashe kai mataki na 4 cikin 6 na ƙwarewa a Ingilishi.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, sauƙi ba a ƙarancin kalmomi yake ba, a ɗaure ma'ana yake. Ogden ya ƙirga kalmomi ya bar ma'anoninsu sake; masu jirage suka taƙaita burinsu ga sana'a ɗaya, suka kuma ɗora nauyin a kan marubuci, ko da ɗan asalin harshen ne. Adon magana yana da muhallinsa a adabi. Amma malamin da ke koyar da masu karatun injiniya ko aikin jinya, in ya fi ba da maki ga ɗalibi mai manyan kalmomi, ya tuna cewa wata rana wani zai riƙe sifana ko sirinji yana bin abin da ɗalibin nan ya rubuta.