Gyaɗar Ƙasarmu: Daga Jirgin Kano Zuwa Gidan Sonara

A wannan fitowa muna so mu waiwayi wani abu wanda duk mai shekara 65 a cikinmu ya gani da idonsa, mu kuwa na baya sai dai a bakin iyaye da cikin takardu muka same shi. Muna nufin zamanin gyaɗa, ko gujiya kamar yadda da yawanmu suka fi cewa. Yaran da muke koya wa karatu a lakwal, in aka ce musu akwai lokacin da gyaɗa ce ke riƙe da fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje, sai su yi tsammani tatsuniya ce. In mun yi kuskure, dattawa su gyara mana, don su ne suka ɗauki buhun a kansu.

Kakanninmu sun san gyaɗa tun kafin zuwan Nasara. Ana shuka ta kaɗan a gefen gona, mata su yi mai da ƙuli-ƙuli, yara su ci dafaffiya. Ba wanda ya taɓa tunanin cika gona da ita, don ko an cika, wa zai saya, kuma a kan me za a kai ta bakin teku? Raƙumi da jaki ba za su kai ta Ikko ta bar riba ba.

Abin da ya sake al'amari jirgin ƙasa ne, kuma ba a ƙasarmu aka shimfiɗa shi ba. Ingilishi suka kawo hanyar jirgi Kano a 1911, aka buɗe ta ga ƴan kasuwa a 1912. Su auduga suke nema domin masaƙunsu, amma manoman Kano suka duba kuɗin da ake biya suka zaɓi gyaɗa. Daga baya aka ja hanyar zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. To, daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano tafiya ce ta wajen kilomita 250. Da mota ta fara shigowa, sai ƙasarmu ta zama kamar bayan gidan tashar Kano.

Amma jirgi shi kaɗai bai sa talaka ya rage gonar hatsi ba. Lanho ne ya sa. Nasara ya ƙi karɓar wuri, ya ce sai tamma, kuma kowane kai na gida da nasa. Mai gida kuwa ba ya da inda zai sami tamma sai ya sayar da abin da Nasara ke saye. Aka kafa rumbunan iri waɗanda ke ba da gyaɗar shuka bashi, a biya da kaka tare da ƙari, kuma kumandan da sarakuna suna duba wanda ya shuka da wanda bai shuka ba. Daga wajen 1930 cinikin gyaɗa ya kankama. Manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, Kwarori ma suka zo. Hannu ɗaya ya sayi gyaɗarka, ɗayan ya sayar maka da atamfa, gishiri, sukari, kananzir da kwanon sha. Sau da yawa kuɗin ba ya kwana a aljihun manomi.

Nasaran kanti ba ya shiga ƙauye da kansa. Yakan ba wani ɗan ƙasa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya raba wa yaransa su bi kasuwanni suna saye. A nan ne da yawa daga cikin manyan alhazan Maraɗi suka sami jarinsu na farko, daga nan suka sayi kamyo, daga kamyo suka shiga wasu harkoki. Ba mu faɗi wannan don zargi ba. Mutane ne masu himma da suka gane da wuri cewa riba tana wajen mai awo da mai mota.

Sai maganar sikeli, wadda muke ganin ita ce ta fi taɓa talaka kai tsaye. Kakanninmu sun saba da awon tiya da ƙwarya, abin da ido ke gani: in ta cika ta cika. Sikeli kuwa yana magana ne da lambobi, kuma cikin mutum ɗari da ke tsaye da buhunansu da wuya a sami ɗaya mai karanta su. Mai awo ya ce kilo kaza, a cire na buhu, a cire na ƙasa da tsakuwa, malamin kanti ya rubuta, a ƙirga maka kuɗi. Ko an yi maka gaskiya ko an danne ka, ba ka da hanyar sani. Manoma ma, a faɗi gaskiya, wasu sun koyi zuba yashi da yayyafa ruwa. Haka nan injin ɓarar gyaɗa na hannu. Da can mata ke surfa ta a turmi, ƙwayar ta farfashe, a rage mata daraja. Injin ya sauƙaƙa aiki ya fitar da ƙwaya lafiyayya, sai dai ba kowa ke da kuɗin sayensa ba, kuma mai shi yana karɓar ladansa a kan kowane buhu.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, da jiragen ruwa suka yi ƙaranci, aka kafa ma'aikatar matse mai ta Siconiger a Maraɗi. Daga baya aka yi wata a Matamaye, wata a Magariya.

Bayan yaƙin, gyaɗar Kano ta yi yawan da jirgi ya kasa kwashewa, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu, dalar gyaɗa da kowa ya ji labarinta. Tamu kuwa, ta baƙi, sai ta bi layi. Ga shi kuma kuɗin jirgin da fam na Ingila ake biya, abin da Faransa ba ta so. Saboda haka a 1953 aka buɗe wata hanya da suka kira Opération Hirondelle, wato tsattsewa mai zuwa da dawowa: kamyo ya ɗauki gyaɗa ya bi ta Doso da Gaya har Faraku cikin Dahome, kusan kilomita 1.000 daga Maraɗi, a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, shi kuma ya dawo da kayan kanti. A 1959 aka kafa OCDN don riƙe wannan hanya. Mu lura da kyau: hanyar ta fi ta Kano tsawo a kan mota, ta fi tsada, kuma siyasa ce ta zaɓe ta. Hanyar jirgin da aka yi ta alkawarin ja daga Faraku zuwa cikin Nijar ba ta zo ba a duk zamanin gyaɗa. Duk tammar da ta tafi a kan mai da taya, daga kuɗin kilon manomi aka cire ta.

Da aka sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ce ba za a bar arzikin ƙasa a hannun kamfanonin waje ba. A 1962 aka kafa Sonara, aka ba ta ita kaɗai ikon fitar da gyaɗa waje. A shekarar kuma aka kafa UNCC domin bashin manoma da kwaparati. Kamfanonin da ba su fita daga harkar ba, don suna da hannun jari cikin Sonara, kuma su da alhazai suka ci gaba da saye da lasisi suna kai mata. Gwamnati ke yanke kuɗin kilo, ta sanar a rediyo, ta sa ranar buɗe kasuwa da ranar rufewa. Wannan ya yi amfani, don kuɗi ɗaya ne ko'ina, mai saye ba ya iya karya shi yadda ya ga dama. Amma bambancin da ke tsakanin abin da aka biya manomi da abin da aka sayar a Marsai, shi ke biyan albashin ma'aikata da gine-ginen Yamai. Ku da ke zaune a can kuna wucewa ta gaban dogon gidan nan da har yau ake kira gidan Sonara. Gumin kakanninku ne.

Abu mafi kyau da aka yi a wancan zamani, a ganinmu, shi ne sabon tsarin kasuwannin kwaparati da UNCC ta fara daga 1966. Ƙauyuka su haɗu su zaɓi mai awonsu da magatakardansu daga cikinsu, a koya musu karatu da lissafi da Hausa a darasin yaƙi da jahilci, su riƙe sikeli da kansu. Ladan da mai saye ke ci a da, sai ya dawo wa ƙauye a matsayin rara bayan an cire bashi. A karo na farko manomi ya tsaya gaban sikeli yana karanta lambar da bakinsa. Mu malamai abin nan yana taɓa mu, don ya nuna cewa sikelin bai sake ba, wanda ke karanta shi ne ya sake. Inda tsarin ya yi rauni shi ne da aka ɗaure bashin kowa a wuyan kowa: in mutum biyu sun ƙi biya, rarar ƙauye duka ta tafi. Ga kuma inda masu ƙarfi suka sa nasu a kan sikelin.

Ta hanyar bashin nan ne garmar shanu, amalanke, takin zamani da maganin haɗa iri suka shigo. Amalanke ya karɓu ƙwarai, don yana aiki rani da damina, yana kawo kuɗi kowace ranar kasuwa. Garma kuwa sai mai shanu biyu da gona mai faɗi, kuma shi ma sau da yawa faɗaɗa gonar ya yi da ita, ya cinye saurar da ake bari ta huta.

A kakar 1966 zuwa 1967 Sonara ta tara sama da tan 190.000 na ɓararriyar gyaɗa, abin da ba a sake gani ba. A ciki akwai wadda ta tsallako daga Najeriya, don manoman can suna son sefa. Iyaka dai ba ta taɓa hana buhu bin inda kuɗi ya fi ba, kuma da aka fito da naira a 1973 aka yi ta ganin kaya suna bin ɗaya hanyar.

Daga wannan ƙololuwa sai gangara, kuma dalilan sun zo a jere. Faransa ta daɗe tana sayen gyaɗarmu sama da kuɗin kasuwar duniya. Da ta shiga kasuwar haɗin gwiwa ta Turai, aka janye wannan ƙari wajen 1967, kuma masu matse mai a can suka juya ga waken soya da wasu irin mai na ƙasashensu. Kuɗin kilo a hannun manomi bai kai dala 5 ba a shekarun nan, alhali kayan kanti suna hawa. Yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, ya dagula hanyar Najeriya. Sa'an nan fari ya sauka daga 1968, ya yi tsanani a 1973. Mai gidan da rumbunsa ya ƙare ya gane cewa ba a tuƙa tuwo da takardar kuɗi in babu hatsi a kasuwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori, Seyni Kountché ya hau, ya ce ciyar da kai ne gaba da kome.

Masana aikin gona sun yi nasu ƙoƙari. Da damina ta gajarce aka yaɗa irin nan mai lamba 55-437 da aka samo daga Senegal, wanda muke kira ƴar Dakar, mai nuna cikin kwana 90. Tana jure ƙarancin ruwa, amma ba ta jure kuturtar gyaɗa, cutar da darɓa ke yaɗawa. A 1975 darɓa ta sauko a Nijar da arewacin Najeriya. Gonaki suka ƙanƙance suka yi rawaya, mutane da yawa ko irin da suka zuba ba su mayar ba. Abin da Sonara ta saya a shekarar bai wuce ƴan dubban tan ba. Bashin iri da na taki kuwa yana nan yana jira.

A da can, da irin wannan ta faru, da gwamnati ta tashi tsaye, don cikinta ya dogara ga gyaɗa. Amma a 1971 an fara fitar da uraniyom a Arlit, kuma cikin ƴan shekaru ya zarce gyaɗa nesa. Da kuɗinsa Kountché ya soke jangali ya sauƙaƙa lanho. Talaka ya ji daɗin wannan, kuma sandar da ta kora shi gonar gyaɗa tun zamanin Nasara ta faɗi. Ya koma ga hatsi da wake, wanda Najeriya ke saye ba tare da sikelin kowa ba. Aka ba Sonara cinikin wake, amma ba ta iya gasa da ƴan kasuwar kan iyaka ba. Ma'aikatun mai suka rasa abin matsewa, na Magariya da Matamaye suka tsaya. Da kuɗin uraniyom ya faɗi bayan 1980, masu ba ƙasa bashi suka ce gwamnati ta fita daga ciniki. Aka rushe UNCC a tsakiyar shekarun 1980, Sonara ma ba ta daɗe ba ta bi ta.

Da yawa daga cikin iyayenmu da suka fara tafiya Kano, Ikko da Abijan da niyyar watanni uku suka zarce, a waɗannan shekaru ne suka fita. Kuɗin kaka da ke biyan lanho, aure da tufafin salla ya yanke, ƙasar kuma ta gaji. Wasu masu karanta wannan takarda a can aka haife su saboda haka.

Gyaɗa dai ba ta bar gonakinmu ba, ana noma ta har yanzu. Abin da ya sake shi ne mai sayenta. Matan da aka ɗauka ma'aikata za ta kashe sana'arsu, su ne suka rage. Su saya da tiya, su soya, su kai injin niƙa na unguwa, su matse mai su cika kwalabe, su toya ƙuli-ƙuli daga tunkuza, su kai kasuwa. Ba lasisi, ba ranar buɗewa a rediyo.

Muna roƙon duk wanda ke da tsohon katin kwaparati, takardar awo, ko littafin magatakarda a cikin akwatin mahaifinsa, ya aiko mana ko ya kawo lakwal mu kwafe mu mayar masa. Dattawan da suka riƙe sikelin ƙauye kuma, za mu zo gaishe ku bayan sallar la'asar da littafinmu a hannu.