Mai shirya biki da masu kawo masa kaya: yadda aikin ke tafiya

Mai shirya biki shi ne wanda iyali ko ƙungiya ke ɗora wa ɗawainiyar taro, ɗaurin aure ne, suna ne ko walima, ya tsaya tsakaninsu da masu sana'a. A da uwar biki da abokan ango ke wannan aiki. Yau a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai waɗanda suka mai da shi sana'a.

Da wa yake hulɗa?

Masu hayar rumfuna, kujeru da tabarmi, mata masu girki, mai kayan sauti, mai ɗaukar hoto, masu ruwan leda da ƙanƙara, sai masu goro da dabino. Kowane da ranarsa da kuɗinsa, kuma aikin wani na jiran na wani: sai rumfa ta tsaya ake jera kujeru, sai an ja waya mai sauti ya gwada kayansa.

Ciniki

Farko ana ƙiyasta yawan baƙi, don shi ke yanke yawan kujeru da buhunan shinkafa. In an daidaita, a ba da kafin alƙalami, cikon kuma sai kaya sun iso. Biya ta Nita, Amana ko Airtel Money na barin shaida a hannu. Wajibi ne a rubuta kuɗin da lamba, domin a baki da dala ake lissafi: jika ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1.000. Wanda ya ce “ɗari biyar” ba tare da bayani ba ya buɗe ƙofar gardama.

Sadarwa

Yawancin magana ta saƙon murya na WhatsApp ake yin ta, don ba kowa ke karatu ba. Duk da haka, rana, wuri, adadi da awa a bi su da rubutu. “Bayan la'asar” ba awa ba ce. A ce ƙarfe 5. Jajibirin biki ana sake kiran kowa. Muhimmin abu shi ne umurni ya fito daga baki ɗaya: in gwaggo ta ƙara kujeru 50 ba da sanin mai shiryawa ba, rikici na nan ranar biya.

Yanayi

Daga Maris zuwa Mayu zafi na tsananta, kuran na yawan yankewa, don haka a tanadi injin wuta da ƙanƙara. Daga Yuni zuwa Satumba iska da ruwa na iya tuge rumfa. Kafin azumi bukukuwa kan yi yawa, kaya su yi wuya, sai a kama da wuri. In rumfa za ta tare titi, a nemi izinin ma'aikatar magajin gari.

Bayan biki

Ana ƙidaya kujeru da tabarmi gaban mai su, kamar yadda aka ƙidaya ranar karɓa. Wanda zai biya abin da ya karye ko ya ɓata, tun ranar ciniki ake faɗarsa.